Daga Ɗanɗano Zuwa Haya: Tarken Tsarin Dandalin YouTube

Bisa al'ada, in an ce tarke, abin da kan zo wa mai nazarin adabin Hausa a rai shi ne a ɗauki waƙa ko ƙagaggen labari ko wasan kwaikwayo a feɗe shi, a dubi jigonsa da zubinsa da salonsa, sa'an nan a yanke masa hukunci. Ba safai akan waiwayi mazubin da aka kawo adabin a cikinsa ba. Alhali kuwa mazubi yana da tasiri a kan abin da aka zuba masa, don furar da aka dama a ƙwarya da wadda aka dama a kwanon roba ba su zama ɗaya a baki. Tun bayan durƙushewar kasuwar faifai, musamman daga 2020 lokacin da fina-finai masu dogon zango irin su Izzar So da Labarina suka yi tashe, babban mazubin wasan kwaikwayon Hausa ya koma dandalin YouTube, watau wani gida da aka gina a ƙasar Amurka bisa lissafin da ba a yi shi da Bahaushe a rai ba. Saboda haka ya cancanci a yi wa tsarin gidan nan tarke kamar yadda akan yi wa littafi, kuma ɓangaren da wannan maƙala za ta duba shi ne dabarun da masu gidan ke bi don su mai da mai kallon kyauta ya zama mai biyan kuɗin wata.

Lissafin da ya sa su wannan aiki ba ɓoyayye ba ne. Tun a 2019 kamfanin ya ce mutane fiye da biliyan 2 ke shiga dandalin a kowane wata. A watan Maris na 2025 kuma ya ba da sanarwar cewa masu biya sun kai miliyan 125, kuma a cikin wannan adadi har da masu sauraron kiɗa kawai da waɗanda ke cikin watan gwaji. Ke nan a cikin kowane mutum 100 masu biya ba su cika 7 ba. Sauran su ne ake farauta, kuma duk wani maɓalli da saƙo da ke faɗo wa mai kallo a allon wayarsa yana da alaƙa da wannan farauta.

Hanyoyi biyu

An kafa YouTube a 2005, kamfanin Google ya saye shi a 2006 a kan dala biliyan 1.65, aka yi shekara goma galibi ana kallo ba a biyan ko anini, talla ce ke ɗauke da gidan. Sai a watan Oktoba na 2015 aka buɗe ƙofar masu biya da sunan YouTube Red a kan dala 9.99 a wata, aka sake mata suna zuwa YouTube Premium a 2018, ta iso Nijeriya a 2020 a kan naira 1,100, aka mai da kuɗin naira 1,700 a 2025.

Wanda duk ya saba wa mutane da kyauta, sa'an nan ya so su biya, hanyoyi biyu ne gare shi. Ko dai ya ƙara wa mai biya wani daɗi da ba a taɓa ba kowa ba, ko kuwa ya rage wa mai kallon kyauta jin daɗin da ya saba da shi har sai ya gaji ya biya. Ta farko ƙari ce, ta biyu ƙuntatawa. Ƙasar Hausa ma ta taɓa ganin ta farko a zamanin Turawa, lokacin da aka kawo rediyo mai waya birnin Kano a 1944: an kafa lasifikoki a wuraren taruwar jama'a kowa ya ji a banza, wanda kuma ya so a ja masa waya a sa masa akwati a cikin gidansa sai ya riƙa biyan haya. Abin da mai biya ya saya shi ne ya ji a ɗakinsa, ba a rage wa na bakin kasuwa kome ba don a tilasta masa.

Gaskiya ita ce, YouTube ta fara gwada hanyar farko. Ta zuba kuɗi ta shirya fina-finai nata na kanta waɗanda sai mai biya ke iya gani, kuma wanda ya fi shahara a cikinsu shi ne Cobra Kai na 2018, ci gaban wani tsohon fim ɗin Amurka na 1984 mai suna The Karate Kid. An saki kashi biyu na farko kyauta, aka kulle sauran. Wannan shi ne ɗanɗano irin na kasuwa, wanda mai kilishi ko mai zuma kan miƙa wa mai wucewa, kuma babu abin zargi a cikinsa, domin mai ɗanɗanawa ya san abin da aka ba shi, ya kuma san abin da aka riƙe. Sai dai dabarar ba ta ɗore ba. A 2019 aka fara buɗe irin waɗannan fina-finai ga kowa tare da talla, a 2020 Cobra Kai ya koma Netflix, a farkon 2022 kuma kamfanin ya janye daga mafi yawan wannan harka. Dalilin ba shi da wuyar ganewa. Ba don manyan fina-finai jama'a ke zuwa YouTube ba, suna zuwa ne don abin da 'yan'uwansu suka ɗora: mai koyar da ɗinki, da mai gyaran injin, da mawaƙi, da malami, da mai barkwanci. Wannan dukiya kuwa ba ta kamfanin ba ce, balle ya kulle ta. Da ƙari ya faskara, sai aka karkata ga ƙuntatawa.

Mai ciwo da magani

Babban abin da mai biya ke saye a yau shi ne a raba shi da talla. A nan ne tsarin ya zama abin nazari, domin wanda ke sayar da maganin shi ne ke da ikon ƙara ciwon ko rage shi. A 2010 aka fito da tallar da mai kallo ke iya tsallakewa bayan daƙiƙa 5, wadda ita ce mafi adalci a duk abin da gidan ya ƙirƙira, tun da tana ba mai talla dama ya faɗi abin da ke tafe da shi, tana kuma ba mai kallo dama ya ce ya ji ya gode. Daga 2018 aka soma jera talla biyu a jere. A 2023 aka sanar da talla mai daƙiƙa 30 da ba a tsallakewa ga masu kallo a akwatin talabijin, kuma a cikin shekarar aka tashi haiƙan a kan masu amfani da manhajojin toshe talla, ana tsai da musu bidiyo tare da saƙon da ke ba su zaɓi biyu: su buɗe wa talla hanya, ko su biya. Ba a ce kowane ɗaya daga cikin waɗannan matakai an ɗauke shi ne don a kora mutane zuwa ƙofar biya kawai ba, domin talla ita kanta riba ce. Abin lura shi ne, ko ta wane gefe mai kallo ya faɗi, a hannun mai gida ya faɗa: in ya jure, mai talla ya biya, in ya gaza, shi ya biya. Wanda ke cikin irin wannan hali ba shi da wani dalili na ya tausaya, sai fa tsoron kada mutane su gudu baki ɗaya, kuma babu wani gida mai girman wannan da za su gudu zuwa gare shi.

Dole ne a yi wa kamfanin adalci a wuri ɗaya. Ajiye bidiyon duniya da isar da shi ga biliyoyin wayoyi yana cin kuɗi mai yawan gaske, kuma banza ba ta kai zomo kasuwa. Haka kuma kashi 55 cikin 100 na kuɗin tallar da aka sa a dogon bidiyo na mai bidiyon ne, kuma ana raba wa masu tashoshi wani kaso daga kuɗin masu biya gwargwadon lokacin da aka ɓata ana kallonsu. Da wannan kuɗi ne masu shirya fim na Kano da Kaduna da Jos da yawa suka farfaɗo bayan kasuwar faifai ta mutu. Wanda ya ce a kawar da talla gaba ɗaya bai yi tunanin abincinsu ba.

Inda uzuri ya ƙare shi ne batun kashe allo. A manhajar waya, da zarar mai kallon kyauta ya kashe allon wayarsa, sai sauti ya ɗauke. Mai biya kuwa nasa na ci gaba. Ba wani sabon abu aka ƙera aka ba mai biya ba, domin kowace waya tana iya fitar da sauti alhali allonta na kashe. An dai sa ƙofa ne a inda da ma fili ne, aka tsai da mai karɓar kuɗi a bakinta. Hujjar kamfani a bayyane take, watau tallar da ba a gani ba ta da daraja a wurin mai talla. Amma a ƙasar da aka tashi da rediyo a kunne, inda tela da direba da mai shago ke son su sa karatu ko waƙa ko hira su jefa waya a aljihu su ci gaba da aiki, wannan ƙofa tana cin batir da data a kan hoton da ba wanda ke dubawa.

Harshen tayi

Tun da wannan mujalla ta harshe ce, ya kamata a daɗe kaɗan a kan kalmomin da ake yin tayin da su. Kalmar da ta fi kowace fitowa a saƙon da ke tare mai kallo ita ce wadda ke nufin kyauta: a gwada wata ɗaya kyauta. A Hausa, kyauta abu ce da ta fita daga hannun mai bayarwa ba da sharaɗi ba, har ma akan yi wa mai karɓe ta gorin kyautar ɗan Yarima, ko a ce ya yi amai ya lashe. Wannan kuwa da ake tayi ba ta samuwa sai mutum ya fara miƙa lambar katinsa na banki, kuma ranar da watan ya cika, in bai koma da kansa ya soke ba, sai a cire kuɗi, a kuma ci gaba da cirewa kowane wata. An rubuta wannan sharaɗi, ba a ɓoye shi ba, sai dai an rubuta shi da ƙananan baƙaƙe a ƙarƙashin babban maɓalli mai haske, kamar yadda akan sa maɓallin ƙi ya zama dusasshe a gefe. A kasuwar Hausa ciniki ba ya faɗawa sai mai saye ya taya da bakinsa, mai kaya ya ce ya sallama. Hausawa sun ce shiru ma magana ce, amma ba a taɓa jin kasuwar da shirun mai ɗanɗano ya zama tayi ba. A nan kuwa mantuwa ita ce sa hannu.

Haka nan mai kallo ba ya iya ƙin tayin sau ɗaya ya huta. In ya ƙi yau, gobe ko jibi saƙon zai dawo, kuma kafofi da yawa ma ba su ba shi kalmar a'a, sai wadda ke nufin ba yanzu ba, watau an sa masa alkawari a baki wanda bai yi niyya ba. Wani masanin tsara shafukan intanet ɗan Ingila, Harry Brignull, shi ya fara tattara irin waɗannan dabaru a 2010 ya ba su sunan da za a iya fassarawa da baƙaƙen dabaru. Al'amarin ya wuce surutun masana, domin a 2023 hukumar kula da cinikayya ta tarayyar Amurka ta kai kamfanin Amazon ƙara bisa zargin shigar da mutane tsarinsa na Prime ba da cikakkiyar yardarsu ba, da kuma wahalar da mai son fita, kuma a watan Satumba na 2025 kamfanin ya amince ya biya dala biliyan 2.5 don a kashe maganar. YouTube ba ta cikin wannan ƙara, kuma fita daga nata tsarin bai kai wancan wuya ba. An kawo misalin ne don a nuna cewa tsakanin jan hankali da yaudara taki kaɗan ne.

Akwai kuma rikicin kalmar da Bahaushe ya ara yake furtawa sabskiraib. A bakin mai gabatar da fim, in ya ce a danna ta, yana nufin a bi tasharsa, kuma wannan ba a biyan kome. A bakin matasa, in an gajarta ta an ce an yi sab, ana nufin an sayi data. A wurin kamfani kuma tana nufin biyan kuɗin wata. Kalma ɗaya ke nan ta ɗauki kaya uku, biyu na kuɗi ɗaya na banza. Masu fassara kan ce rajista, amma rajista sau ɗaya akan yi ta. Kalmar da ta fi dacewa da ma'ana ta uku ita ce haya, domin ta fi faɗin gaskiya. Fim ɗin da mai biya ya sauke ba ya shiga ma'ajiyar wayarsa yadda zai tura wa wani, yana zaune ne a cikin manhajar, sai an riƙa leƙa intanet aƙalla sau ɗaya a wata don ya ci gaba da buɗuwa, kuma ranar da aka daina biya an rufe ɗakin ke nan. Wanda ya sayi kaset ɗin Sangaya a zamaninsa, nasa ne har ya tsinke. Wannan kuwa ɗan haya ne, ko da ya shekara goma yana biya.

Wanda ya riga ya biya

Babban kuskuren tsarin, in an dube shi daga nan, yana cikin sunan da aka ba wanda ake farauta. A Amurka, inda galibin gidaje ke biyan kuɗin intanet na wata ba tare da ƙidayar abin da aka sha ba, ana iya kiran mutum mai kallon kyauta. Wanda ke sayen data ta kwana ɗaya ko ta mako a Gusau ko Maraɗi ya riga ya biya kafin ya danna kome, sai dai ba YouTube ya biya ba. Har tallar da aka tilasta masa da datarsa aka kawo ta, kuma a Nijeriya hukumar sadarwa ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a kan farashin kira da data a watan Janairu na 2025. In an ce wa irin wannan mutum ya kawo kuɗin wata don a raba shi da talla, an nemi ya biya sau biyu ke nan a kan fim ɗaya. Ba rowa ce ke hana shi ba. Shi ya sa masu tura fina-finai a waya a bakin kasuwa da tasha ba su rasa ciniki: ana biyansu sau ɗaya, da tsabar kuɗi, ba kati, kuma abin da aka tura ya zama na mai waya.

Abin takaici shi ne kamfanin ya taɓa gane wannan. Manhajarsa mai suna YouTube Go, wadda aka kawo Nijeriya a 2017, takan nuna wa mutum ɗan taƙaitaccen hoton bidiyo kafin ya buɗe, ta gaya masa yawan datar da zai ci, ta bar shi ya sauke, har ya tura wa na kusa da shi ba tare da data ba. Ba a taɓa yin tsarin da ya san halin mai ƙaramar waya kamar wannan ba. An fara rufe ta a watan Agusta na 2022, bisa hujjar cewa an gyara babbar manhajar ta yadda za ta wadatar. Dandalin iROKOtv na Jason Njoku, wanda aka kafa a 2011 don fina-finan kudancin Nijeriya, ya bi wannan hanya tun daga farkonta har ƙarshe: ya fara da kyauta, ya ƙara sashen masu biya a 2012, ya rufe ƙofar kyauta a 2014, ya koma ga saukewa a waya a 2015 saboda tsadar data, a 2020 kuma ya mai da hankalinsa ga 'yan Afirka mazauna Turai da Amurka. Wannan darasi ne ga kafofin gida irin su Northflix da ke neman Bahaushe ya biya don ya kalli fim ɗin Hausa.

Abin da mazubi ya yi wa fura

Saura tasirin tsarin a kan adabin kansa. Katse labari a daidai inda ya yi daɗi tsohuwar fasaha ce. Da ita aku ya riƙe Musa ɗan sarki a cikin littafin farko na Magana Jari Ce na Abubakar Imam, da ita marubutan soyayya na Kano suka riƙa sayar da littafi na biyu da na uku, da ita kuma marubutan intanet na yau ke sakin shafukan farko kyauta sa'an nan su nemi kuɗi a kan ragowar. A duk waɗannan, mai labari ne ke zaɓen inda zai tsaya, kuma iya zaɓen yana cikin gwanintarsa. A YouTube kuwa, bidiyon da ya kai minti 8 (kafin Yulin 2020 minti 10 ne) ana iya cusa masa talla a tsakiya, kuma in mai tasha bai zaɓi wuraren da hannunsa ba, na'ura ce ke zaɓa. An daɗe ana ganin talla ta faɗo tsakanin tambaya da amsarta, ko a tsakiyar kukan uwa. A watan Mayu na 2025 kamfanin ya ce ya gyara tsarin don tallar ta riƙa faɗawa a inda magana ta yanke ko hoto ya sauya, wanda amincewa ce da cewa da can ana ɓarna. Sai dai inda magana ta yanke ba lalle ne ya zama inda ma'ana ta yanke ba. Shirun da ɗa kan yi a gaban mahaifinsa kafin ya amsa yana cikin wasan, na'ura kuwa rami take gani ta cike.

Tun da yawan mintoci shi ne yawan gurbin talla, tsayi ya zama riba, kuma mai kallon fina-finan nan ya san alamunsa: doguwar maimaitawar abin da ya wuce a farkon kowane kashi, da mota da za a nuna tun daga buɗe ƙofar gida har ta ɓace a kwana, da gaisuwar da za a bi kowa da ita ɗaya bayan ɗaya, da labarin da ya isa zango biyu a ja shi zuwa bakwai. Ba duka masu shiryawa ke haka ba, kuma waɗanda suka iya aikinsu sun nuna cewa dogon zango na iya ba hali da ɗabi'a sararin da fim na sa'a biyu bai taɓa ba su ba. Amma matsin yana kan kowa. Daɗin daɗawa, kuɗin da masu talla ke biya a kan mai kallo a Nijeriya ko Nijar bai kusa da wanda suke biya a kan na Amurka ko Ingila ba, don haka mai fim ba ya iya dogara da rabon da dandali ke ba shi kaɗai. Sai ya nemo nasa masu tallar, na turare da atamfa da magani da filaye da makarantu, ya ɗinke su a cikin jikin fim ɗin, wani lokaci ma a bakin taurarinsa. Wannan talla ba ta kamfanin ba ce, saboda haka kuɗin wata ba ya cire ta. Bahaushen da ya ba da naira 1,700 don a raba shi da talla, in ya buɗe fim ɗin Hausa, zai tarar da ita tana jiransa a minti na farko, kuma da yatsansa zai ja ya wuce ta kamar kowa.